Iskar da ke Cikin Firji da Rufin da ke Bisa Kanmu

Duk mutumin da Allah ya hore wa firji, ko na'urar sanyaya ɗaki wadda jama'a suka fi sani da esi, in ya daure ya leƙa bayanta ko gefenta, zai tarar da 'yar takarda ko ɗan faranti a manne, an jera haruffa da lambobi a kai, waɗanda akasarin masu saye ba su taɓa kula da su ba, da yake abin da ya kai su kasuwa shi ne ruwan sanyi da barci mai daɗi a watannin bazara. A cikin jerin nan akwai harafin R da lamba a gabansa. A firjin da ya haura shekara talatin za a ga R-12, a esin da ya kwana biyu R-22, a na baya-bayan nan kuwa R-134a ko R-410A ko R-32 ko R-600a. Waɗannan su ne sunayen sinadarin da ke kewayawa cikin bututun na'urar, wanda masu gyara ke ce wa gas, kuma ba don son ran kamfanoni suke ta sauyawa ba. Kowace lamba tana da sababin da ya kawo ta da sababin da ya kore ta, kuma a kan wasunsu ne ƙasashen duniya baki ɗaya suka yi ittifaƙin da ba su taɓa yin irinsa a kan wata mas'ala ba.

Kafin a shiga tarihi ya kamata a san aikin da gas ɗin nan yake yi. Yana daga hikimar Ubangiji a cikin halitta cewa ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da ke kusa da shi. Da wannan ne randar ƙasa ke sanyaya ruwa, domin abin da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa ya tafi da zafin, kuma a kan wannan asali ne marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Firji ma haka yake, sai dai maimakon ruwa an zuba masa wani sinadari mai tafasa tun a cikin tsananin sanyi, kamar R-12 da ke tafasa a wajen digiri 30 ƙasa da sifiri. Yakan tafasa a bututun da ke ciki ya kwashe zafin nama da ruwa, kwamfireso ya zuƙo shi ya matse, ya tura shi bututun waje inda zai zubar da zafin ya koma ruwa, sa'an nan ya sake shiga. Kewayen nan a rufe yake ruf. Saboda haka gas ba ya cinyewa yadda fetur ke cinyewa a inji, kuma duk ranar da mai gyara ya ce wa maigida "gas ya ƙare, sai an ƙara", haƙiƙanin abin da ya faru shi ne akwai inda ke yoyo, gas ɗin kuwa ya fita ya bi iska. Inda ya nufa bayan fitarsa, nan ne dukan zancen yake.

Firjin farko da suka shiga gidajen Amurka da amoniya da wasu iskoki masu guba suke aiki, irin su iskar ƙibiritu da wani mai suna methyl chloride, waɗanda in suka yi yoyo da dare suna iya halaka mutanen gida suna barci. A 1928 wani injiniya mai suna Thomas Midgley, da ke yi wa kamfanin General Motors aiki, ya fito da R-12, na farko a dangin sinadaran da ake taƙaita sunansu da CFC, aka riƙa sayar da shi da sunan Freon. A 1930, a gaban taron masana, ya shaƙi iskar ya cika ƙirjinsa, ya hura ta a kan kyandir ya mutu, don ya nuna a lokaci guda cewa ba ta da guba kuma ba ta kama wuta. Bai yi ƙarya ba, kuma babu adalci a zarge shi da abin da ilmin zamaninsa bai kai gare shi ba, ko da yake abin mamaki ne a ce mutumin nan guda shi ne kuma ya ƙago zuba dalma a fetur, wadda ita ma sai da duniya ta sha wahala kafin ta rabu da ita. Cikin shekara arba'in CFC ta game ko'ina: firji, esin mota, gwangwanin feshin turare da maganin sauro, soson katifa, har da kumfar da ake cusawa a bangon firji don ta tsare sanyi.

Ashe falalar da aka yabe ta a kanta ita ce illarta. Sinadarin da ba ya ƙonewa, ba ya narkewa a ruwan sama, ba ya haɗuwa da kome, babu abin da zai kawar da shi daga iska. Sai ya yi ta yawo shekaru da dama, R-12 har kimanin shekara ɗari, yana hawa sannu a hankali, har ya kai wani sashe na sararin sama, tsakanin kilomita 15 zuwa 35 daga doron ƙasa, inda Allah ya shimfiɗa wata iska da ake kira ozon. Ozon nau'in oksijin ce mai ƙwayar zarra uku maimakon biyu, kuma ƙanƙanuwa ce ƙwarai, har masana suka ƙiyasta cewa da za a tattaro ta duka a sauko da ita ƙasa, kaurinta ba zai wuce milimita 3 ba. Amma ita ce ke tare mafi yawan wani haske mai ƙuna da ke zuwa daga rana, wanda ido ba ya gani, wanda kuma in ya yawaita yakan jawo sankarar fata da yanar ido, ya raunana amfanin gona da ƙananan halittun teku. Kada baƙar fata ta ruɗe mu mu ce wannan ciwon Turawa ne, domin yanar ido ba ta tambayar launi, kuma 'yan'uwanmu zabiya sun fi kowa sanin abin da rana ke yi wa fata.

A watan Yuni na 1974 masana biyu a Jami'ar Kalifoniya, Sherwood Rowland da Mario Molina ɗan ƙasar Meziko, suka buga bincikensu a mujallar Nature, inda suka kafa hujja cewa in CFC ta kai can sama, hasken nan mai ƙuna yakan farfasa ta, ƙwayar kulorin ta kuɓuce, ta fasa ozon, ta fito lafiya lau ta sake fasa wata, har ƙwaya guda ta iya lalata kimanin 100,000 kafin ta gushe. Masu masana'antu suka ce zato ne kawai, ba a gani a ƙasa ba, kuma a lokacin suna da ɗan abin riƙewa, domin lissafi ne a takarda. Amurka ta hana CFC a gwangwanayen feshi a 1978, sauran lamarin kuwa ya kwanta. Sai a watan Mayu na 1985 ne Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin, masu binciken Ingila da ke auna sama daga tashar Halley a nahiyar ƙanƙara ta Antatika, suka bayyana cewa ozon da ke bisa tashar a watan Oktoba ta ragu da sama da sulusi in aka gwada da shekarun baya. Abin da ake jira nan da shekara hamsin sai ga shi ya riga ya auku. Rowland da Molina, tare da Paul Crutzen, sun karɓi lambar Nobel a 1995.

Ranar 16 ga Satumba 1987, a birnin Montreal na Kanada, ƙasashe 24 da ƙungiyar tattalin arzikin Turai suka sa hannu a kan yarjejeniyar rage waɗannan sinadarai, bisa jagorancin wani Bamisire, Dakta Mustafa Kamal Tolba, shugaban hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mutumin da ya yi suna wajen tsare wakilai a ɗaki har sai sun daidaita. Najeriya ta shiga a 1988, kuma a yau babu ƙasar da ke cikin Majalisar da ba ta shiga ba. Wanda ya karanta usulu zai gane tsarin yarjejeniyar nan da sauri, domin a kan tadriji aka gina ta: da farko rabi kawai aka ce a rage, da hujjoji suka ƙaru aka koma London a 1990 da Copenhagen a 1992 aka tsananta, har aka yanke cewa ƙasashe masu arziki su bar CFC a farkon 1996, masu tasowa kuwa a farkon 2010. An kuma kafa asusu na musamman da masu arziki ke zuba wa kuɗi, wanda ya kashe sama da dala biliyan 3 wajen sauya injinan masana'antu da horar da masu gyara da jami'an kwastan a ƙasashe irin namu. A ganina wannan asusu da wannan jinkiri su ne sirrin nasarar, domin an yarda tun farko cewa wanda ya fi ɓata sama shi ya kamata ya fi biya, kuma ba a nemi talaka ya bar abinsa ba sai da aka nuna masa madadi.

Madadin kuwa bai zo a tsarkake ba. R-22, wanda shi ne gas ɗin mafi yawan esin gidajenmu har kwanan nan, yana cikin dangin HCFC, kuma shi ma yana da kulorin, sai dai ɓarnarsa ga ozon ba ta wuce kashi 5 ko 6 cikin ɗari na ɓarnar R-12 ba, don haka aka haƙura da shi na wani lokaci bisa ƙa'idar nan ta malamai ta ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu. A 2007 aka gaggauta wa'adinsa. Ƙasashe masu tasowa, har da Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi, aka ce su tsayar da ƙaruwarsa a 2013, su rage kashi 10 cikin ɗari a 2015, kashi 35 a 2020, kashi 67.5 a 2025, su bar shi a 2030, in ban da ɗan abin da bai wuce kashi 2.5 ba don gyaran tsofaffin na'urori har zuwa 2040. Amurka ta daina yin sa da shigo da shi tun ranar 1 ga Janairu 2020. Waɗanda suka gaje shi, wato R-134a a firji da R-410A a esi, dangin HFC ne, ba su da kulorin ko kaɗan, ba ruwansu da ozon. Amma sai aka tarar suna riƙe zafi a sararin duniya fiye da hayaƙin inji nesa ba kusa ba, R-134a ninki 1,430, R-410A sama da ninki 2,000. An toshe wata kafa, wata ta buɗe. Shi ya sa aka taru a Kigali ta Ruwanda ranar 15 ga Oktoba 2016 aka ƙara su a cikin yarjejeniyar, Mali ce kuma ƙasar da ta fara tabbatar da wannan gyara. Aka ce ƙasashen Afirka su tsayar da ƙaruwar HFC daga 2024, su rage kashi 10 a 2029, su kai kashi 80 a 2045.

Abin dariya, mafita a wajen firji ta fito ne daga inda manyan kamfanoni ba su duba ba. A 1992 ƙungiyar Greenpeace ta haɗa kai da wata masana'anta a tsohuwar Jamus ta Gabas wadda ke dab da rufewa, suka ƙera firji mai aiki da iskar da ke dangin gas ɗin girki, aka yi ta kushe shi da cewa zai tashi da gidajen mutane, amma yau mafi yawan sababbin firji na gida da R-600a suke zuwa, wanda ba ya taɓa ozon, zafin da yake riƙewa kuma bai taka kara ya karya ba. Esi ma yana komawa R-32, a wasu wurare R-290. Sai dai dukansu suna kama wuta, wani fiye da wani, kuma wannan ya mai da mu ga mutumin da ba a gayyata Montreal ko Kigali ba, alhali a hannunsa ne yarjejeniyar za ta cika ko ta tozarta a ƙasashenmu.

Najeriya ba ta yin R-22, shigo da shi take yi, kuma kaso mafi girma na abin da ke shigowa ba sabuwar na'ura yake shiga ba, gyara yake tafiya. Mai gyaran firji da esi, wanda galibi a shagon ubangidansa ya koyi sana'a, yana aiki ne a ƙasar da wutar lantarki ke zuwa da rauni ta tafi ba sallama, abin da ke ƙona kwamfireso fiye da kome, ga ƙura ta hunturu da ke toshe bututun waje, ga maigida da ke son a gama yau a kan kuɗi kaɗan. Aikin ƙa'ida sananne ne: a zuƙe tsohon gas da inji a adana a silinda, a nemo wurin yoyo ko da kumfar sabulu ce, a yi walda, a zuƙe iska da danshi daga bututu da famfo, sa'an nan a auna gas da sikeli a zuba daidai abin da kamfani ya rubuta. Abin da ake yawan gani kuwa shi ne a kwance bawul a bar tsohon ya yi tsaki ya fice, a hura sabo a wanke bututu da shi, a cika da ƙiyasin hannu, a karɓi kuɗi, bayan wata uku a dawo a sake. Haka kuma in ɗan haya zai tashi, sau da yawa akan tsinke bututun esi gas ya watse, alhali da an rufe bawul ɗaya an bar injin ya yi aiki na 'yan mintoci, da ya tattara gas ɗin duka a cikin akwatin waje. Esin ɗaki guda yana ɗauke da kimanin kilo ɗaya na R-22, kuma sakin kilo ɗayan nan, ta fuskar ɗumama duniya, daidai yake da ƙona kusan lita 800 na fetur.

Ban ga laifin mai gyara shi kaɗai ba. Injin zuƙe gas ya fi ƙarfin jarin mafi yawansu, kuma ko ya zuƙe, ina zai kai shi, wa zai biya shi ladan wahalarsa? Ofishin kula da ozon da ke Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, tare da ƙungiyar masu sana'ar ta ƙasa, NARAP, sun yi ta shirya horo da rabon kayan aiki da kuɗin asusun nan, amma masu sana'ar sun fi horon yawa, kullum kuma sababbin yara ake yayewa. Haɗarin ma ya ƙaru yanzu da gas ya zama iri-iri. Ƙarfin matsin R-410A ya fi na R-22 da sama da rabi, man da ke cikin kwamfiresonsu ma ba iri ɗaya ba ne, saboda haka zuba wannan a na'urar wancan kashe ta ne. Wanda ya saba kunna wutar walda a kan bututun R-134a ba tare da fargaba ba, in ya yi haka a kan R-600a ko R-290 da bai gama fita ba, yana iya rasa fuskarsa. Ga kuma jabu, domin duk abin da aka taƙaita shigowarsa tsadarsa takan jawo maha'inta: a 2011 wasu kwantenonin sanyi sun fashe a tashoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Barazil, mutum uku suka mutu, da aka bincika sai aka tarar an cika su da jabun R-134a mai gauraye da methyl chloride, gubar nan da Midgley ya zo ya kawar shekara tamanin kafin nan.

Akwai kuma wata fuska ta jinkirin da aka yi mana wadda ba a cika faɗa ba. Da Turai ta bar R-12, daga baya ta bar R-22, miliyoyin na'urorin da ta tsame hannu daga gare su ba su ɓace ba; da yawansu jirgi suka hau suka sauka a Legas da Kwatano da Tema, suka zama gwanjon da muke kira na Baljiyam. Rangwamen da aka yi don a sauƙaƙa mana sai ya mai da kasuwanninmu wurin juye abin da wasu suka gaji da shi, tsofaffin injuna masu shan wuta ninki biyu ko fiye, masu saurin yoyo. Ghana ta yi doka a 2008, ta fara zartar da ita sosai a 2013, ta hana shigo da tsofaffin firji da esi, ta kuma haɗa da wani tsari na kawo tsoho a rage maka kuɗin sabo, wanda a ganina shi ne rabin da ya fi muhimmanci. A Najeriya ma tsohon firji da esi da kwamfireso suna cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su, amma wanda ya zaga kasuwar kayan wuta a kowane babban gari ba ya bukatar a gaya masa matsayin wannan haramci. Matar da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo a azumi ba ƙin ozon ya sa ta sayi tsohuwar firiza ba, abin da kuɗinta ya kai ke nan. Kuma bukatar sanyi ba raguwa za ta yi ba a yankin da garin Kayes na Mali ya ga digiri 48.5 a watan Afrilu na 2024.

Mai esin R-22 kada ya firgita, babu wanda zai zo ya ƙwace masa, kuma muddin ba ya yoyo ba ya cutar da kowa. Abin da zai gani shi ne gas ɗin yana ƙara tsada da wuyar samu shekara bayan shekara, har ranar da kuɗin ciko biyu ko uku zai sa ya gane sabo ya fi araha. Kafin nan maslaharsa da ta jama'a guda ce: ya nace a nemo yoyon a toshe kafin a ƙara gas, kada ya yarda a gauraya masa iri biyu.

Ta fuskar sama, alhamdu lillahi, an ga amfani. An kawar da kusan kashi 99 cikin ɗari na sinadaran da aka hana, kuma rahoton masana da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a farkon 2023 ya yi hasashen ozon za ta koma yadda take a 1980 a wajen 2040 a mafi yawan duniya, 2045 a ƙuryar arewa, 2066 a Antatika. Ko da aka sami masu saɓawa a ɓoye, kamar yadda ma'aunai suka fallasa a 2019 cewa ana sakin wani nau'in CFC mai suna CFC-11 daga gabashin ƙasar Sin, an matsa lamba abin ya ja baya cikin ɗan lokaci. Sai dai yarjejeniyar ta ɗaure yin sinadaran ne da cinikinsu tsakanin ƙasashe, ba ta wajabta wa kowa tattara wanda ya riga ya shiga na'ura ba, ta bar wa kowace ƙasa ta yi dabararta. A wurinmu makomar mataccen firji ita ce hannun 'yan bola jari, waɗanda jan ƙarfe da alminiyam da kwamfireso suke nema, su sare bututu da adda, su ɓamɓare kumfar bango su zubar ko su ƙona, alhali a tsofaffin firji sinadarin da ke maƙale cikin kumfar nan sau da yawa ya fi wanda ke cikin bututun yawa. Kamar yadda ake saye musu ƙarfe a kan kilo, sai an sami mai saye musu gas da kumfa a kan kilo kafin su fara ajiye su.